Yadda ake saba wa kai karatun kullum: a fara da baiti biyar

Mafi yawan masu niyyar sabawa da karatu da ƙaton littafi suke farawa. Ranar farko a ci shafi talatin, ta biyu goma, ta uku a yi baƙi, bayan mako guda littafin ya zama abin ɗora kofin shayi. Sai mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba mai karatu ba ne, alhali lomar ce ta fi bakin.

Makarantar allo ta daɗe da warware wannan matsala. Ba a rubuta wa yaro izu guda a rana. 'Yan ayoyi ake ba shi, ya yi ta biyawa da ƙarfi har su zauna, sannan ya wanke allo a yi masa ƙari. Kaɗan, a bayyane, kullum, a lokaci guda. Wannan tsari za mu ara, sai dai allonmu a nan littafin rubutattun waƙoƙi ne. Dalili kuwa uku ne. Baiti yana tsayuwa da ƙafarsa, ko a ina ka tsaya ba ka bar zance a rataye ba. Kari da amsa-amo suna manna shi a ka, har ka riƙa maimaita shi a kan babur ko a bakin murhu ba tare da littafin ba. Sannan waƙa tana bukatar murya, wanda kuwa bakinsa ke rerawa ba ya iya latsa waya a lokaci guda.

Zaɓen littafi

Ɗauki littafi ɗaya tak, siriri, na takarda. Ga mai farawa, waƙoƙin ƙarni na 20 sun fi sauƙin shiga, domin Hausarsu ta fi kusa da wadda muke yi yau. Infiraji ta Aliyu Namangi na Zariya tana da wata fa'ida da sauran ba su da ita: kusan kowa ya taɓa jin makafi suna rera ta a kasuwa ko a tasha, saboda haka muryar tana kunnenka tun kafin ka buɗe shafin. Waƙoƙin Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, da na Mu'azu Haɗeja sun dace da mai son zancen siyasa da gyaran hali. Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu a bar ta sai wata na biyu ko na uku, domin shi mai wasa da harshe ne, kalmominsa na sa sabon shiga ya yini a ƙamus. Waƙoƙin zamanin jihadi, irin na Nana Asma'u, su ma a jinkirta: Sakkwatanci ne mai cike da Larabci, yawanci kuma daga ajami aka juyo su.

Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ne ya buga da yawa daga cikin waɗannan, ana kuma samunsu wurin masu sayar da littattafan makaranta, musamman kusa da kwalejoji da jami'o'in da ake nazarin Hausa. Kafin ka biya, buɗe tsakiyar littafin ka duba abu biyu: shafuka sun bi lamba ba tsallake, kuma ƙugiyoyin ɓ, ɗ, ƙ sun fito. Bugun sata yakan zo da tawada dishi-dishi, wani lokaci ƙasan shafi ya yanke ɗango guda ya tafi da shi.

Waƙar da aka turo ta WhatsApp ba ta yi wa wannan aiki ba. Masu kwafewa suna zubar da ƙugiya, baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Suna kuma haɗe ɗangwaye su zama kamar wasiƙa, kari ya mutu. In ba ka da wata hanya sai ita, kwafe baitocin ranar da hannunka a takarda, kowane ɗango a layinsa, sannan ka ajiye wayar.

Lokaci da wurin zama

Minti goma sha biyar ake bukata, amma dole a ɗaure su a jikin wani abu da ba ka taɓa fashinsa. "In na samu sarari" ba lokaci ba ne. Ga ma'aikaci da ɗalibi, bayan asuba in an idar da azkar da tilawa, kafin gida ya tashi. Ga ɗan kasuwa, tsakanin azahar da la'asar lokacin da ciniki ke lafawa. Ga uwargida, hantsi, bayan yara sun tafi makaranta kafin a ɗora sanwar rana. Bayan isha'i ne kowa ke zaɓa, shi ne kuma ya fi cin amana: jiki ya gaji, ga ɗauke wuta, ga hirar dare.

Littafin ya kwana a inda za a karanta shi, a buɗe ido a gan shi: kusa da dardumar salla, ko cikin aljihun teburin shago. Wanda aka kulle a akwati, neman makulli kaɗai ya isa ya kashe niyya. Waya kuma a kashe mata data a kife ta nesa da hannu. A zauna a miƙe baya, kada a kishingiɗa.

Yadda ake cin baiti biyar

Nan ne ainihin aikin. Da farko ka san abin da ke gabanka. Layi ɗaya na waƙa shi ne ɗango, tarin ɗangwayen da ke tafiya tare shi ne baiti. Mai ɗango biyu ana ce mata ƙwar biyu ko 'yar tagwai, haka ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar. In ƙwar biyu ce ɗauki baiti biyar a rana, in ƙwar biyar ce biyu ko uku sun isa.

Minti biyun farko na jiya ne. Rufe littafin ka biya abin da ka iya tunawa, ka buɗe ka duba inda ka yi tuntuɓe.

Sai karatu na farko: da murya, daga farko zuwa ƙarshe, ba tsayawa ko ka haɗu da kalmar da ba ka sani ba. Ba sai ka ɗaga murya maƙwabta sun ji ba, amma dole leɓe ya motsa kunne ya ji. Wannan ba ado ba ne. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali da gajere, ba ya nuna karin sauti. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, baƙin da suka zo daga tafiya da baƙin launi haka nan. A zube, ma'anar jimla ke raba gardama. A waƙa kuwa tsawon wasalin shi ne ginshiƙin kari, ido kaɗai ba ya gane shi. Masu karatun ajami sun fi mu sauƙi a nan, domin ajami yana nuna ja da alif da wawu da ya.

Karatu na biyu na neman amsa-amo da kari ne. Duba gaɓar ƙarshe ta kowane baiti: wadda ke dawowa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta ita ce babban amsa-amo. A "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Sa'adu Zungur, alal misali, "ya" ce. A ƙwar huɗu da ƙwar biyar za ka ga wani ƙarami a cikin baitin, wanda ke sauyawa daga baiti zuwa baiti. Sa masa alama da fensir.

Kari kuwa jerin gaɓoɓi ne masu nauyi da marasa nauyi. Gaɓa marar nauyi ita ce mai gajeren wasali, kamar "ka" a farkon "karatu". Mai nauyi iri uku ce: mai dogon wasali kamar "ra" a "karatu", mai tagwan wasali kamar "sai", da wadda baƙi ya rufe kamar "bin" a "abinci". Ga baiti da muka shirya don gwaji:

Karatu abincin zukatan mutane,
Idan ka ƙi ci sai ka rame a zaune.

Faɗe shi a hankali kana buga yatsa a cinya, ƙaramin bugu ga marar nauyi, babba ga mai nauyi. Ka-ra-tu: ƙarami, babba, babba. A-bin-cin: ƙarami, babba, babba. Zu-ka-tan, mu-ta-ne, duk haka. Ɗango na biyu: i-dan-ka, ƙi-ci-sai, ka-ra-me, a-zau-ne. Sau huɗu huɗu. Masana aruli, wato ilmin auna waƙa, suna kiran wannan kari Mutaƙarab, yana cikin waɗanda mawaƙan Hausa suka ɗauko daga Larabci tare da irin su Kamil da Ramal da Basiɗ. Lura cewa gaɓar ƙarshen ɗango ana lissafa ta mai nauyi ko da gajera ce a magana. Ba a bukatar ka haddace sunayen karuruwa. Abin da ake so shi ne yatsanka ya kama bugun, daga nan muryar rerawa za ta zo da kanta, ko ta aro ce ko taka.

Wani lokaci ɗango zai ƙi hawa karin, ka buga ka buga ya ƙi. Kafin ka ce mawaƙi ya yi kuskure, bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Mai yiwuwa ka ja wasalin da ba a ja, wato wata kalma ka karanta ba wadda ake nufi ba: gwada ɗaya ma'anar. Mai yiwuwa mawaƙin ya taƙaita, "ya yi" ta zama "yai", "na yi" ta zama "nai", mai bugawa kuma ya warware masa ita. Mai yiwuwa karin harshe ne: Basakkwace zai ce "munka" da "sunka" inda Bakano ke cewa "muka" da "suka", gaɓar farko ta yi nauyi ke nan, in ka karanta da Kananci ɗangon ya gurgunce. Ko kuma madaba'a ta jefar da kalma. In duk ba su ba ne, to 'yar karkacewa ce da ilmin aruli ya yarda da ita, wadda ake kira zihafi. Sa alamar tambaya ka wuce, kada ɗango ɗaya ya cinye maka minti sha biyar.

Karatu na uku na kalmomi ne. Ja layi ƙarƙashin waɗanda ba ka sani ba, amma uku kawai za ka nema a rana. Fara da cankar ma'ana daga abin da ke kewaye da kalmar, sannan ka duba. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, Hausa zuwa Hausa ne. Na Bargery na 1934 fassararsa da Turanci ne, amma ya tara tsofaffin kalmomi da na karuruwan harshe da wuya ka same su wani wuri, yana kuma intanet. Kalmomin noma, sarauta, dawaki da saƙa, tsohon unguwa ya fi ƙamus. Na Larabci a waƙoƙin wa'azi, malamin zaure zai warware maka su yana tsaye.

Na huɗu shi ne wanda aka fi tsallakewa, shi ne kuma gwajin fahimta: rufe littafin ka faɗi abin da baitocin suka ce da Hausarka ta kasuwa, jimla biyu ko uku, kamar kana ba ƙanenka labari. Mawaƙi yakan juya tsarin jimla don amsa-amo ya faɗa daidai, ya kawo abin da aka yi wa aiki kafin aikin. In ka kasa mayar da shi zube, daɗin muryar ka sha, ma'anar ta wuce ka. Koma ka nemi wane ne ya yi, me ya yi, wa aka yi wa.

Ka rufe da rerawa sau ɗaya, ka zaɓi baiti guda na hadda. Guda ɗaya, ba biyar ɗin ba.

Abu biyu kan rikita sabon mai karatu. Yawancin waƙoƙin suna buɗewa da yabon Ubangiji da salati, wani lokaci baiti da yawa, kafin a shiga jigo, saboda haka kada ka yanke wa waƙa hukunci a ranar farko. A ƙarshe kuma za ka iya cin karo da wata kalma marar ma'ana bayan mawaƙi ya ce "ramzi". Ba kuskuren bugu ba ne, shekarar Hijira ce aka ɓoye a haruffa, kowane harafin Larabci da adadinsa. A lissafin Magariba da malamanmu ke bi, shinun dubu ne, ra kuma ɗari biyu.

Littafin ajiya da lissafin mako

Sayi ƙaramin littafin rubutu mai shiga aljihu. Kowace rana layi huɗu: kwanan wata, inda ka tsaya, kalmomi ukun nan, da baitin hadda. Kada ka mai da shi aikin makaranta, in ya wuce minti biyu za ka daina.

Kwana biyar ake ƙari, Asabar zuwa Laraba, kamar yadda makarantar allo ke yi. Alhamis a maimaita na mako duka a jere. Juma'a hutu. Da ƙwar biyu, baiti 25 ke nan a mako, 100 a mako huɗu, ga baiti 20 a ka.

In ka yi fashi, ci gaba daga inda ka tsaya da baiti biyar ɗinka. Wannan ba azumi ba ne, ba a ramuwa. Wanda ya ce zai biya bashin kwana uku a zama ɗaya, shi ne wanda ba a sake ganinsa. In kuwa rana ta cushe, biki ko rasuwa ko tafiya, baiti ɗaya a tsaye ya wadatar don kada igiyar ta tsinke.

Tsallakawa zuwa zube

Bayan mako huɗu, ƙara minti goma a wani lokaci daban na yini, wannan karon na labari, kuma a zuci. Shafi biyar a rana. Littafi mai shafi 150 wata guda ke nan. Kada ka bar waƙar, ita ce ke riƙe da lokacin safe.

Littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, gajeru ne, ana gama kowanne cikin 'yan kwanaki, gama littafi kuwa yana ƙara wa mai farawa ƙwarin gwiwa fiye da kowace nasiha. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam kamar don wannan aiki aka tsara ta: labari ɗaya zama ɗaya.

Littattafan soyayya na kasuwar Kano da masu fitowa kashi-kashi a waya karatu ne, kada wani ya raina maka su. Illarsu biyu. Da yawansu ba su bin ƙa'idar rubutu, ana haɗe "ya ce" da "ba ni" yadda aka ga dama, saboda haka kada ka koyi rubutu daga gare su. Sannan an gina su ne don kada ka iya ajiyewa, sai ka kai ƙarfe biyun dare, asuba ta kuɓuce, baiti biyar su bi ta. Yanke adadin shafi tun kafin ka buɗe. In littafin na ɗaya da na biyu da na uku ne, saye su tare, domin na ƙarshen kan ɓace a kasuwa.

Littafin da ka kai shafi talatin bai kama ka ba, ajiye shi ka ɗauki wani. Ba alkawari ka yi masa ba.

Wannan kashi na biyu shi ake sakawa a ramukan yini: layin banki, jiran likita, zaman tasha kafin mota ta cika. Littafi ya zauna a jaka. A cikin mota mai tafiya kam, wanda karatu ke sa wa jiri ya rufe shafi ya biya haddarsa.

Takardun da rayuwa ke miƙo maka

Matakan nan huɗu, karantawa gaba ɗaya, sake bi a hankali, ware kalmar da ba a sani ba, mayarwa da bakinka, su ne dai ake bukata ga takardun da mutane ke sa wa hannu ba su duba ba. Yarjejeniyar hayar gida ko cinikin fili, karanta ta a bayyane gaban shaidu, ka tabbatar kuɗin da aka rubuta da lamba ya yi daidai da wanda aka rubuta da kalmomi, ka nemi ranar farawa da ta ƙarewa, da wanda gyara ke kansa. In da Turanci ko Faransanci take, wanda ka amince da shi ya karanta sakin layi ɗaya, kai kuma ka maimaita da Hausa, a ce maka haka ne, sannan a wuce gaba.

Kwalin magani: sunan maganin, ranar lalacewa, adadin da za a sha da sau nawa. Faɗa wa mai ba da maganin abin da ka fahimta kafin ka bar wurin, ya gyara maka. Buhun taki mai 15-15-15, lambobin suna nuna kason sinadarai uku ne a cikin ɗari, naitirojin da fosfaras da fotashiyam, bi da bi. Yuriya kuwa naitirojin kaɗai take bayarwa, kashi 46 cikin ɗari, shi ya sa ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Saƙon da ya ce daga banki yake yana neman lambar sirri, wanda ya saba karatu a tsanake ya fi saurin ganin inda zancen ya yi wari.

Shigo da gida

Karatu a bayyane ga jama'a tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Jajin da Nana Asma'u ta naɗa, wato malamai mata masu jagoranci, da waƙoƙi suke zagaya ƙauyuka suna koyar da matan da ake kira 'yan taru. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, mai ilmin boko ɗaya kan karanta wa zaure guda. A gida, minti goma bayan cin abincin dare sun isa, a gurbin tatsuniya. Tsaya a inda labari ya yi daɗi, yara ne za su tuna maka gobe. Mai koyon karatu a ba shi ɗango ɗaya ya karanta, kada a katse shi a tsakiya, a bari ya kai ƙarshe sannan babba ya maimaita daidai. Yaron da ake yi wa tsawa a kan kowace kalma, littafin zai tsana.

Abubuwan da ke kashe al'adar ba a lura ba

Ido ne na farko. Wanda ya haura shekara arba'in ya ga yana nisanta takarda da fuskarsa, ko kansa na ciwo bayan minti goma, ba ragwanci ba ne, a je a auna ido. Tabarau na karatu kan warware matsalar. Haske ya sauka a kan shafi ta gefen kafaɗa, kada fitila mai caji ta fuskanci ido.

Na biyu lalacewar littafi. Gara ta ƙasa da bango take biyowa, don haka kada a jera littattafai a daɓe ko a jingina su da bangon ƙasa. A ɗora a kanta, a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. Da damina kada a ƙulle su a leda, danshi ke taruwa a ciki takarda ta yi funfuna. Wanda ya jiƙe a buɗe shi a inuwa mai iska, a sa farar takarda tsakanin shafukan, in ya kusa bushewa a danne da abu mai nauyi. Rana kai tsaye tana murɗe shafi ta busar da gam. Busasshen ganyen darbejiya a bayan kanta yana rage ƙwari, a sauya shi in ƙamshinsa ya tafi.

Na uku aro. Littafin da kake tsakiyar karantawa ba a ba da shi, ko wa ya roƙa. Wanda ka gama, rubuta sunan mai aro da ranar a shafin ƙarshe na littafin ajiyarka, a gabansa, ku kuma yanke ranar dawowa kafin ya sa shi a aljihu.